Gurbi Na Takwas

A Punta Arenas iska ba ta sallama,
ta ƙasan ƙofa take shigowa
ta taras da ni gaban na'urar sauya hoto,
maɓallai ja da kore a ƙarƙashin yatsuna,
shekara goma sha tara ke nan.

Ƙwaƙwalwar na'urar ba ta da faɗi,
gurbi takwas gare ta, ba ƙari.
Na ɗaya tambarin tasha.
Na biyu taswirar mashigin teku da kibiyoyin iska.
Na uku da na huɗu sunayen baƙi.
Na biyar ɗan guntun bidiyo, daƙiƙa biyu:
tuta ta kaɗa, ta koma farko ta sake kaɗawa,
ba ta gajiya, don ba ta san ta taɓa yi ba.
Shida da bakwai ɗakunan haya ne,
kowa ya kwana ya tashi.

Na takwas kuwa Nibaldo ne.

Wata safiya a bakin tashar jiragen ruwa
ya kafa kyamara, ya zagayo gabanta
da farar takardar daidaita launi, kamar kullum,
sai dai ya yi rubutu a kai da baƙin alƙalami:
Eliana, shayinki ya huce.
Rabin fuskarsa kawai ya shigo,
hular ulu ta karkace, haƙorin nan mai giɓi,
bayansa jirgin kamun ƙaguwa, shuɗi, duk tsatsa.
Na danna, na daskarar da shi,
don in tsokane shi in ya dawo.
Ya dawo, mun yi dariya.
Mako uku bayan nan
zuciyarsa ta tsaya a kan matakalar gidansa.

Injiniya ya sha faɗa mini:
wannan ba rumbu ba ne, tafin hannu ne.
Muddin da wuta yana riƙe,
wuta ta ɗauke ya buɗe.
Kwafe shi a faifai, me zai ci miki?
Ban kwafa ba.
Abin da aka kai faifai an binne shi.
A nan ko banza wuta ɗaya muke sha da shi,
in fitila ta yi ƙyafta sai gabana ya faɗi,
kuma faɗuwar gaban nan nake so.

Wata tara.

Daren zaɓe, Yerko ya shigo kunnena,
darakta, yaro ne, bai taɓa ganin Nibaldo ba:
gundumomi sun yi yawa, ba ni na takwas.
Na ce to.
Ya fara ƙirga, biyar, huɗu,
kyamara ta biyu ki shirya, uku,
yatsana ya sauka.

Ban ce kuskure ba ne.
Ban kuma ce da gangan ba.

Daƙiƙa uku yana kan iska,
a kowane falo, a mashaya, a ɗakin jiran asibiti,
mutum da rabin fuska yana maganar shayi
ga garin da ke jiran ƙuri'a.
Yerko ya yi zagi. Na sauya.
Na ɗora alƙaluman Porvenir a kansa,
na'urar ba ta ko tambaye ni ko na tabbata ba.

Ƙarfe ɗaya saura, ana naɗe wayoyi,
mai gadi ya ce ana nemana.
Herminia ce, matarsa.
Ta ce ina wanke kofi na ɗago na gan shi.
Kafin in nemo tabarau ya tafi.
Me ya rubuta a takardar?

Na dubi gurbi na takwas,
lambobi fari a kan shuɗi.
Na ce, cewa ya yi shayi ya huce.
Sunana na bari a bakina.

Ta yi shiru har na ji iskar unguwarsu a cikin wayar.
Ta ce, shi da bai taɓa shan nasa da zafi ba.
Ta ce, za ku sake nuna shi gobe?